Dogon Gilashina da Damben Ƙarshe na Yaya Ilu

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen Ƙaura ba za su bar ni ba, da kakar da na sayo wa kyamarata dogon gilashi.

Ni mai hoto ne, irin na fasfo da suna da walima, ɗan shagona yana kusa da tasha a Ƙaura Namoda. Sana'a ce mai rufin asiri, amma wallahi ta ishe ni. Kullum "ɗaga haɓa, Hajiya", kullum "kar ka ƙifta, Malam". Ni kuwa raina yana wurin mutanen nan da ake nunowa a gidan kallon ƙwallo, zaune a bakin fili da kyamara mai dogon baki. Kowa yana kallon wasa, ni su nake kallo.

Ana cikin haka sai ga Yaya Ilu, ɗan yayar mahaifiyata. Mahauci ne, kuma ɗan dambe, a fage Taɓarya ake ce masa. Inna, mahaifiyarsa, ta daɗe tana roƙon ya bar dambe har da hawaye, sai ya yi mata alkawarin wasa ɗaya ya rage masa: wanda za a yi a Kasuwar Daji bayan an yanke dawa, shi da wani dogo daga Zurmi.

"Ƙane, hoto guda nika so," in ji shi. "Duk damben da niy yi ba ni da hoton kirki. In na yi kisa, ka ɗauke ni tsaye, shi yana ƙasa. Ɗiyana su tashi su gani." (Kisa a dambe ba rai ake ɗauka ba. Hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, shi ke nan an kashe ka.)

Na buga ƙirji na ce ya bar komai a hannuna. Daga ranar na kasa zaune na kasa tsaye. Gilashin gaban kyamarata, wanda mu masu hoto ke ce wa lens, na ɗaukar amare ne da ba sa motsi, don haka na rufe shago na tafi Gusau wurin wani mai sayar da kayan hoto na hannu.

Ya fara fito mini da na gaske, mai zuƙowa da mayarwa, mai kama hoto da kansa. Da ya faɗi kuɗinsa sai na mayar masa da hannu biyu, a hankali, ina salati. Sai ya ajiye mini masu araha guda biyu. Ɗaya ɗan guntu ne, mai lamba hamsin, bai fi gwangwanin madara ba. Ya ce yana shan haske sosai ko da rana ta yi sanyi, kuma yana da sauri. Ɗayan kuwa, jama'a! Dogo, fari, mai lamba ɗari biyar, sai an tallabe shi. Ba ya zuƙowa, ba ya mayarwa, kuma da hannu ake murɗa shi har hoto ya fito. Mutumin ya fara tambayata girman filin da zan yi aiki, na katse shi. Ni da zan shiga taro, in fito da gwangwanin madara? Na rungumi dogon na hau mota, ko cikin buhu ban sa shi ba don a gani.

Ranar wasa na hau ɗan kabu-kabu da la'asar sakaliya, gilashi a kafaɗa. An fara da wuri, don yanzu kowa so yake ya isa gida kafin magariba saboda hanya. Kalangu na tashi, mutanen Ɗan Isa da na Badarawa da na Zurmi sun yi da'ira. Ina isowa aka dare mini. Na ji wani yana cewa, "Ku ba ɗan jarida wuri!" Ban gyara masa ba. Har sahun gaba aka zaunar da ni, kusa da makaɗa.

Na ɗaga kyamara na leƙa. Baƙi ƙirin. Na murɗa, na murɗa, sai ga wani abu ya fito da gashi-gashi. Kunnen Yaya Ilu ne. Kunnen kaɗai, ya cika hoton daga sama har ƙasa.

Sai a lokacin na dubi fagen da idona. Bai fi tsakar gidanmu ba. Gilashin nan an yi shi ne don ya kamo mutum daga wancan ƙarshen filin ƙwallo, ni kuma na kawo shi inda in na miƙa hannu zan taɓa ɗan wasa.

Aka shiga turmin farko, wato zagaye na farko. Na miƙe na fara ja da baya. Na taka ƙafar wani dattijo, na bugi hular wani da bakin gilashi. Na leƙa: kafaɗa. Na ƙara baya: rabin kai. Kafin in murɗa hoto ya fito sun bar wurin. Ina ta baya ina ba da haƙuri har na fita daga da'irar gaba ɗaya, aka rufe hanyar da na bi. Yanzu nisa ya yi daidai, amma ƙeyar mutane kawai nake gani. Na yi ɗage, na yi tsalle, na zagaya gabas na dawo yamma, gumi har cikin ido. Ina jin ihu, ban san wa ake yi wa ba. Har aka tashi turmi na biyu ba ni da komai.

Sai na hango wata rumfar kara, wata Bafulatana tana dama fura a ƙarƙashinta. (Ya kamata in faɗa muku ni ba siriri ba ne.) Na kama dirka na haye. Matar ta leƙo ta ce, "Kai, mai hoto, sauka! Ba ta ɗaukarka!" Na ce, "Yanzun nan, Gwaggo, yanzun nan."

Daga sama kuwa, masha Allah! Ga Yaya Ilu, ga dogon Zurmi, ga alƙalin wasa a tsakaninsu, duka sun shiga hoto. Na ga Yaya ya duƙa, ya ja naɗaɗɗen hannunsa baya. Na san wannan duƙawar tun ina yaro. Na gyara gwiwa don in danna.

Ƙarar da rumfar ta yi da ta rufta da ni, an ce har bakin titi an ji ta. Na sauka da gindi cikin ƙwaryar nono, kara ya rufe ni, matar tana kururuwa da Fillanci. Duk taron ya waiwayo. Makaɗa sun waiwayo. Alƙali ma ya waiwayo. A daidai wannan ƙiftawar naushin ya sauka, dogon Zurmi ya dafa ƙasa ya miƙe zumbur.

Rigima ta kaure. Mutanen Ƙaura suna rantsuwa an yi kisa, na Zurmi suna cewa a nuna wanda ya gani. Alƙali ya ce shi tsakaninsa da Allah bai gani ba. Sai wani ya ɗaga murya: "Ina ɗan jaridan nan? A duba hoto!"

Haka aka tallabo ni zuwa tsakiyar fage, nono yana ɗiga daga wandona, kara a gashina. Manya suka kewaye ni, Yaya Ilu yana haki a kaina. Na fara nunawa ɗaya bayan ɗaya. Kunne. Kafaɗa. Sararin sama. Hular dattijo. Sai na ƙarshe, wanda yatsana ya danna ina kan hanyar faɗuwa, kuma shi kaɗai ya fito tas: fuskar alƙalin wasa, baki buɗe, ido waje, yana kallona.

Sai aka kwashe da dariya, har da mutanen Zurmi. Yaya Ilu ne kaɗai bai yi ba. Aka yanke babu kisa, rana ta yi ƙasa, kowa ya nemi babur. Ya zauna yana kwance zaren hannunsa, bai dube ni ba. Da ma ya mare ni, da na fi jin sauƙi.

Na so ya sake karawa, har gida na je na roƙi Inna. Ta ce alkawari ɗaya aka yi mata, kuma an cika. Bai sake naɗa hannu ba.

Sai da aka kwana biyu ya shigo shagona, ina neman inda zan ɓuya. Ya ce, "Wanke mani na alƙalin nan, babba. Ko ba komi shina nuna cewa ba mu yaka kallo ba." Yana nan rataye a rumfar namansa. Duk wanda ya tambaya wane ne wannan, sai ya ba shi labarin kisan tun daga farko, sannan ya nuna ƙofar shagona da wuƙa ya ce, "Ga abin da yaka kallo can."

Daga baya na koma na sayo ɗan guntun gilashin, da shi nake aiki yanzu. In wani ya tambaye ni wane gilashi zai saya don hoton wasa, sai in ce ya fara zuwa ya ga faɗin filin. In kuma mai rumfa ta ce ya sauko, ya sauko.