Tasalla Mai Kambas Kala Biyu

A Tungar Gamji, can ƙarshen gari inda hanyar rafi ta soma, akwai wani gida mai ɗaki biyu da bishiyar darbejiya a tsakiya. Mata biyu ne a cikinsa, ya da ƙanwa, Delu da Tasalla. Delu ta yi aure, mijin ya rasu, ta dawo gidan ubansu. Tasalla kuwa ba ta taɓa barin gidan ba. Ta haura shekara hamsin, ga tsabta, ga ƙarfi, ga ladabi. Abu ɗaya ne nata: yadda ka faɗi magana haka take ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. In ka ce ta sa ido a kan tukunya, za ka dawo ka tarar ta kifa fuska a kan murfi. Delu ce kaɗai ta iya yi mata magana. Ba ta cewa "ɗora tuwo." Sai ta ce, "Hura wuta, ki zuba ruwa a tukunya, in ya tafasa ki kira ni." Da haka suka yi shekaru suna zamansu lafiya.

Bayan kaka ciwo ya kwantar da Delu. Ranar da aka kawo mota za a kai ta asibitin birni, ta dubi ƙanwarta ta ce, "Zauna nan, Tasalla, ina zuwa." Ba ta dawo ba, can aka yi mata sutura. Mutane suka zo gaisuwa, aka yi addu'ar bakwai, kowa ya kama gabansa. Tasalla ta ci gaba da zama a tabarmar da aka bar ta, ba ta tashi sai salla da ɗan abin da za ta sa a baki. Wata uku tana nan. Ƙafafunta suka kumbura, kanta ya riƙa sarawa.

Wata rana Malama Sa'ade, ma'aikaciyar ɗakin shan magani na garin, ta shigo tana zagayen gida gida. Ta ɗaura wa Tasalla abin awo a hannu, ta duba, ta girgiza kai.

"Inna Tasalla, jininki ya hau."

Tasalla ta ɗaga kai ta dubi darbejiya. "Ya hau ina, Malama?"

"Zaman nan ne ya yi miki yawa. Dole ki riƙa motsa jiki kullum."

Malama na fita, Tasalla ta gyara zama ta hau motsa jiki. Kafaɗa na rawa, kai na kaɗawa, ƙugu na juyawa, duk tana zaune. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga, ta gani, ta kwasa da gudu tana cewa iskoki sun shiga Tasalla. Kafin a jima gida ya cika. Wannan ta zo da turare, waccan ta zo da ruwan tofi, wata ta riƙe mata hannu tana salati. Da suka ji ai umarnin Malama take bi, suka yi dariya har da hawaye, suka ɗauki kayansu suka fita ɗaya bayan ɗaya. Tsakar gida ta yi tsit. Tasalla ta ɗan ƙara motsawa, ko za su dawo. Ba wadda ta dawo.

Wata rana Malama Sa'ade ta sake zuwa, ta yi mata bayani dalla-dalla. Duk Litinin da Alhamis da hantsi mata na taruwa a bayan ɗakin shan magani, inda aka kewaye da zana. Ana tsalle-tsalle, ana tsugunno, ana ɗaga gorar ruwa cike da yashi. "Ki zo ranar Litinin," in ji ta, "kuma ki zo da takalmi." Ranar Litinin sai ga Tasalla ta zo da takalmi. Ta wanke silifas ɗinta tas, ta sa su a kwano, ta rufe da faifai, ta ɗora a ka. Ita kuwa ƙafa ba komai, tafinta duk ƙarangiya. Malama ta tsuguna ta cire mata ƙayar, ta ce, "A ƙafa ake sawa, Inna." Ta sa. Aka kunna kiɗa a waya, mata suka jera, Malama ta ce kowa ta wurga ƙafar dama sama. Tasalla ta wurga da gaskiyarta. Silifas ya tashi kamar tsuntsu, ya ƙetare mata uku, ya sauka a goshin Kande mai daddawa.

Ita Kande dattijuwa ce mai kaifin harshe. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta biyu suna Kurmi, sai muryarsu take ji a waya. Ta dafe goshi ta ce, "Malama, ko ni ko ita a wurin nan." Malama ta ja Tasalla gefe.

"Inna, silifas ba na wannan aikin ba ne. Ki nemi kambas. Wanda zai riƙe miki dunduniya, ƙasansa shimfiɗaɗɗe don kada ki gurɗe in kin ɗaga gora, kuma mai shan iska. Sai kin samu ki dawo."

Tasalla ta maimaita abubuwan uku, ta mayar da silifas cikin kwano, ta kama hanyar gida. Har ta kai kwanar masallaci tana jin matan suna tafi suna dariya a bayan zana.

Wata rana, ranar Laraba ce, ta tafi kasuwa wurin Barmo mai gwanjo, wanda ke baza takalma a kan buhu. Ta zayyana masa abin da Malama ta ce. Ya zaro wani shuɗin kambas, ya sa mata, ya ɗaure igiya.

"To Inna, yi tafiya da shi ki ji."

Ya juya wurin wani mai ciniki. Da ya waiwayo, ba Tasalla ba alamarta. Ya bar kayansa ya bi sawu yana tambaya. 'Yan tumatir suka ce ta wuce. Mahauta suka ce ta wuce. Sai a kan gadar da ke bayan kasuwa ya cim mata, tana tafiya a hankali, ta karkata kai gefe guda.

"Haba Inna! Ina za ki da takalmin mutane?"

"Kai ka ce in yi tafiya in ji. Na yi tafiyar, har yanzu ban ji komai ba. Ko sai na ƙara gaba?"

Barmo ya buɗe baki zai yi faɗa, dariya ta ƙwace masa, ya zauna a bakin gada yana haki. Suka dawo tare, ta kwance bakin zane ta sallame shi. Ba wanda ya tambaye ta ko takalmin ya yi mata daidai.

Wata rana da la'asar masu dawowa daga gona suka hango Tasalla a bakin rafi, zaune a kan dutse. Ta ajiye kambas a gefenta, ta buɗe musu baki, ta fuskantar da su gabas. Wani dattijo ya tsaya.

"Tasalla, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Na kawo su shan iska ne. Malama ta ce mai shan iska ake so."

Labari ya zaga gari, aka yi ta dariya. Washegari ta sake kawo su, jibi ma haka. Da farko shiru take yi. Daga baya aka fara jin tana yi musu magana. Tana gaya musu yadda Yaya Delu ke son miyar kuka da yaji sosai, da yadda take yi mata kitso tana zungurinta da gwiwa in ta yi gyangyaɗi. Ta gaya musu ba ta san yawan gishirin da ake sawa a miya ba, don ba a taɓa barinta ta sa da kanta ba. In rana ta yi ja sai ta ce, "Kun sha? To mu je gida." Ta rungume su ta tashi. Masu wucewa suka daina dariya. Sukan yi sallama a hankali su wuce, amma ba wanda ya taɓa zama.

Wata rana ta koma wurin motsa jiki da shuɗin kambas ɗinta. Kande ta harare ta, ta matsa can nesa. Aka fara. Tasalla na yin duk abin da aka ce, sai dai tana ɗingishi, zufa na zuba, ta cije leɓe. Da aka zo tsugunno ta tafi za ta faɗi, Malama ta tare ta. Aka cire takalmin hagu, sai ga safa ta jiƙe da jini, yatsu sun ƙuje.

"Subhanallahi! Inna, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ba ki tambaye ni ba, Malama."

Malama ta wanke ciwon ta ɗaure. "Wannan ya matse ki. In kin warke ki koma kasuwa, ki auna ƙafarki, ki ɗauki daidai da ita. Kafin nan ki huta." Mako biyu Tasalla na hutawa. Duk Litinin da Alhamis sai ta zo ta zauna a wajen zana, ta jingina baya, tana jin takun ƙafafunsu. In an ce a ɗaga hannu, ita ma sai ta ɗaga nata, ita kaɗai a gefen hanya.

Wata rana ciwo ya warke. Ta zaro tsinken tsintsiya ta auna ƙafarta ta dama, ta karya daidai tsawonta. Sai ta tsaya tana tunani. Malama ta ce ƙafarki, ita kuwa biyu gare ta, kuma ba a ce wacce ba. Ta zaro wani tsinken ta auna ta hagu. Ta tafi wurin Barmo ta miƙa masa tsinke biyu.

"Wannan na dama, wannan na hagu. Kowacce daidai da ita."

"Inna, ai takalmi tare yake tafiya da ɗan'uwansa."

"Ni dai haka aka ce."

Barmo ya ga ba zai iya da ita ba. Akwai wani buhu a bayansa da yake tara takalman da suka zo a ɗaurin gwanjo ba 'yan'uwa. Ya zazzage mata. Ta zauna a ƙasa tana zura tsinke a ciki ɗaya bayan ɗaya, tana matsa dunduniya, tana duba ƙasansu, har azahar. Ta tashi da ja a hagu, fari a dama.

Ranar Alhamis tana shiga wurin, mata suka ɓarke da dariya, wata har da zama a ƙasa. Tasalla ta gaishe su ta shiga layi. Aka yi tsalle, ta yi. Aka wurga ƙafa, ba abin da ya tashi. Aka ɗauki gorar yashi aka yi tsugunno, ta sauka ta tashi ƙafarta daram a ƙasa, har sauran suka gaji tana yi. Malama ta karɓi tsinken nan biyu ta jera su a tafin hannu. Na hagu ya ɗara na dama da kusan faɗin yatsa.

"Ku daina dariya," in ji ta. "Ƙafafunta ba ɗaya ba ne. Kuma ba ita kaɗai ba ce, mutane da yawa haka suke. Da ni ce ma da ban yi wannan dabarar ba."

Da aka watse, Kande ta zauna a kan benci ta cire takalmin dama tana matsa babban yatsa, wanda ya yi shekaru yana yi mata zogi. Ta jira har kowa ya fita, sannan ta ce, ba tare da ta dubi Tasalla ba, "Ke. Ran Laraba za ki raka ni wurin mai gwanjon nan. Ki zo da tsinken."

Wata rana, Larabar ce, suka shiga kasuwa tare. An cika maƙil, ga masu amalanke, ga awaki, ga turereniya. Kande ta waiwayo ta ce, "Tasalla, kada ki rabu da ni." Tasalla ta kama bakin mayafinta. Suka je wurin Barmo, aka auna, aka zaɓa, Kande ta taka ta ji yatsanta ya sarara. Suka fito daga kasuwa, Tasalla na riƙe da mayafi. Suka wuce gada, suka wuce mararrabar da ya kamata kowa ta kama hanyarta, tana riƙe. Har cikin gidan Kande, har bakin murhu.

"Ke lafiya? Ba ga hanyar gidanku can ba?"

"Yaya Kande, ke kika ce kada in rabu da ke."

Kande ta buɗe baki za ta ce ai a kasuwa take nufi. Ta dubi tsakar gidanta. Tabarma ɗaya, kwano ɗaya a kife, buta ɗaya a gindin bango. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wani kwanon da ya yi ƙura.

"Saki mayafin. Ɗauki wannan, ki je bakin randa, ki wanke shi da ruwa, ki kawo nan."

Tasalla ta saki, ta wanke, ta kawo. Mutanen Tungar Gamji sun ce har yau Kande ba ta gyara waccan maganar ba.