Mai Amsa Gaisuwar Kowa

Kaka tana goge fuskar kwamfuta da gefen mayafinta, kamar kullum da hantsi, sai jikanta mai gyaran kwamfuta ya turo ƙofa. Tun yana goye take kiransa mijinta.

"...lafiya lau, amarya. Ina gajiya?"

"Gajiya tana nan, ta fi ka zumunci."

A cikin tsohon akwatin nan akwai muryar marigayi maigidanta, 'yar gajeruwa, yana neman tabaraunsa yana dariya. Ita take saurare kowace safiya. Kwana biyun nan kuwa ko ta danna, sai tallace-tallace su rufe fuskar kamar fara, muryar ta ƙi fitowa.

"Ban ce kada ki danna duk abin da ya faɗo ba?"

"Gaishe ni suke yi! 'Barka da zuwa,' 'muna taya ki murna.' A gidanmu ba a ƙin amsa gaisuwa. Kai ne aka haifa bayan an gama rabon tarbiyya."

"Shi ya sa ɓarayi suka shimfiɗa tabarma a ciki. Babbar manhajar za mu sauya gaba ɗaya. Na zo da ta kyauta."

"Kyauta? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mijin da ya kasa saya min ɗan kunne, dama me zai kawo?"

"Kunnen da ba ya jin magana? Wannan a buɗe aka gina ta, kowa yana iya leƙa cikinta."

"Ɗaki ba labule ke nan."

"Ɗakinki a rufe yake. Ginin ne kowa ke dubawa, wanda ya ga tsaga ya toshe. Hannu da yawa..."

"Kada ka koya min karin magana, na girmi haƙoranka."

"Ai sun fi naki yawa."

Ta zauna a bakin gado, gwiwoyinta suna ƙara. Ya soka filashi, ɗan abin ajiyar nan, a jikin kwamfutar, ya ce gwaji ne kawai, ba abin da zai taɓu. Manhajoji biyu ya zo da su; ta farko ta fito baƙa wuluk, sai ƙananan rubutu.

"Wannan ai kabari ne. Cire."

Ta biyu ta zo da shuɗin fili, maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, inda yatsanta ya saba zuwa ko ido a rufe.

"Ita wannan, ko kin amsa gaisuwa, baƙo ba ya zama sai an ba shi kalmar sirri."

"Wa ke riƙe ta?"

"Ni maigida mana."

"Allah ya sawwaƙe." Sannan murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Shi fa? In ka share tsohuwar, da shi za ta tafi?"

Ya kwafo muryar zuwa filashi, ya danna. Tsohon ya yi tari, ya tambayi inda aka kai masa tabarau, ya yi dariyar nan tasa mai kama da ruwa a kan kwano.

Kaka ta jawo durowa, ta fito da tabaraun, ƙafa ɗaya ɗaure da zare.

"Ungo, mijin banza. Saka ka gani da kyau, kada ka goge min na gasken."

Ta yi 'yar dariya, ta dafa ƙofa, ta fita tana jan takalmi.