Ranar da Na Zama Kawun Duba-gari

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, ranar da na tsaya a tsakar gidan hayata da ke Gaya, da furfurata da komai, na shirga wa wata baiwar Allah ƙarya. Kuma a duk faɗin ƙaramar hukumarmu ita kaɗai ce bai kamata in yi wa wannan ƙaryar ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji ina salati ni kaɗai.

Ni tsohon malamin gona ne. Shekara talatin da ɗoriya ina kan babur tsakanin ƙauyukan Gaya da Ajingi, ina koya wa manoma tazarar shuka da zuba taki. Da na yi ritaya sai na kwashi abin da aka sallame ni da shi na zuba a tsohon gidan mahaifinmu. Na yanka shi ɗaki shida, na yi daɓen siminti, na sa kwano, na zuba 'yan haya mutum tara, duk maza waɗanda aiki ya kawo garin: malaman makaranta, da ma'aikacin asibiti, da mai sayen gyaɗa, da masu adaidaita sahu. Gidan nan shi ne gonata ta tsufa. In aka rufe shi sai dai in koma zaman jiran fansho (wanda ya taɓa wannan zaman ya san abin da nake nufi).

Wata takwas muna zaune lafiya lau, sai mai unguwa ya kawo mini takarda daga sakatariya. Wai duk wanda yake ba da ɗakuna haya ga mutanen da ba iyalinsa ba, dole ya yi wa gidan rajista, a zo a duba, sannan a ba shi lasisi. Aka jero sharuɗɗa: kowane ɗaki da taga, banɗaki daidai yawan mutanen gidan, masai nesa da rijiya, wurin girki daban ba a cikin ɗaki ba, da abin kashe gobara. Sai kuma littafi da za a rubuta sunan kowane ɗan haya da garinsu da wanda ya tsaya masa. Wanda bai cika ba, a shafa wa ƙofarsa jan fenti a garƙame.

To ni banɗakina ɗaya ne tal, kullum da asuba layi ake yi da butoci. Ɗakin ƙurya kuwa da can hatsi ake ajiyewa a ciki, ko ɓera sai ya lalubi hanya. Batun littafi ma ba a magana. Ni in mutum ya yi sallama da ladabi, na ga fuskarsa ta mutanen kirki ce, shi ke nan na miƙa masa makulli.

Maiɗakina ta ce, "Malam, ka je ka cike musu takardarsu, su faɗi abin da za ka gyara, ka gyara."

Na ce, "Ke me kika sani a harkar ofis? In ka kai kanka wurin mutanen nan, sai sun sa ka rushe gidan ka sake sabo."

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Maimakon in ji maganarta sai na kai takardar majalisarmu ta bayan La'asar. Akwai abokina Malam Idi, tela ne, amma tun da ya yi shari'ar gona sau biyu muke ce masa Lauya (duka biyun kayar da shi aka yi, wannan ban tuna ba sai daga baya). Ya gyara tabarau ya karanta, sannan ya buga cinya.

"Ai an gama! Ita dokar nan 'yan haya ta ambata. Ka ce duk 'ya'yan 'yan'uwanka ne ka ba su wurin kwana. Wa ya taɓa yankar wa zumunci lasisi?"

Wallahi a lokacin ji na yi ban taɓa jin magana mai hikima irin wannan ba.

Ana gobe za a zo duba gidan na tara mutanen gidan bayan sallar Magariba na raba musu dangantaka kamar ana rabon goro. Wannan ɗan wana, wancan jikan goggona, masu adaidaita 'ya'yan ƙanin mahaifina. Suna ta dariya, amma suka amsa, don su ma ba sa son a watso musu kaya waje. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Malam Nasiru, mai koyar da lissafi a sakandare, mutumin Toranke ta ƙasar Ajingi. Natsattse ne, ba ya da hayaniya.

Ya ce, "Baba, da dai an bi ta hanyar da suka ce. Ofishin nan da za su zo, ai akwai..."

Na katse shi. "Akwai wa? Na san su kaf, tare muka yi aiki a sakatariya. Nasiru, kai lissafi ka karanta, ni duniya na karanta. Kai ɗan ƙanwata ne, magana ta ƙare."

Ya buɗe baki zai ƙara, na ɗaga masa hannu. Ya haƙura, don ba mai musu da babba ba ne.

Washegari da hantsi adaidaita sahu ya tsaya a ƙofar gida. Ina ta zuba ido in ga ɗaya daga cikin tsofaffin abokan aikina, na manta cewa yadda na yi ritaya haka su ma suka yi. Sai ga wata mata ta fito, za ta yi shekara arba'in, da hijabi da fayil a hannu, bayanta wani ma'aikaci riƙe da igiyar awo. Mai unguwa ya ce wannan ita ce Malama Hauwa, duba-gari. Lauya ma ya rufe shagonsa ya zo ganin yadda shawararsa za ta yi aiki, maƙwabta biyu-uku suka biyo shi.

Ta rusuna ta gaishe ni. "Baba, ina kwana? Mun zo ganin gidan hayar ne."

Na ware ido. "Haya? Wace haya kuma, 'yar nan? Ai nan gidan gado ne. Yaran nan da kike gani duk jinina ne. Ni ba na iya ganin ɗan'uwa yana gararamba a gari alhali ina da ɗaki."

Ta ce, "Allah ya saka da alheri. To a nuna mini su."

Na shiga gabatarwa ɗaya bayan ɗaya, tana gyaɗa kai, ba ta rubuta komai. Da na ga abin yana tafiya sumul sai kaina ya fara girma. Na hango Nasiru ya laɓe a bayan randa, kansa a sunkuye. Na ce a raina ga wanda zan rufe taro da shi, don duk ya fi su kamala. Na je na kamo hannunsa na jawo shi gaba.

"Wannan kuwa ɗan ƙanwata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda take aure a Toranke."

A nan ne ta ɗago ta dube ni sosai. "Toranke, Baba? Ta wane gefe?"

Kash! Da ma a ce ban san Toranke ba, da na taƙaita. Amma garin da na yi shekaru ina raba irin gyaɗa a cikinsa? Ga shi kuma Nasiru ya taɓa kwatanta mini gidansu a hira. Sai na saki baki. Na faɗi lungun, na faɗi tsamiyar da ke ƙofar gidan, har da rijiyar da ke gefenta. Nasiru yana ta jan hannun rigata, ni kuwa na ɗauka kunya ce.

Na ce, "Kin gan shi nan, ba ya son yabo, haka uwarsa take. Ranar da aka haife shi ni na yi masa huɗuba a kunne. Ragon sunan ma ni na saya, wani ƙato mai ƙaho."

"Masha Allah. Ya sunan ƙanwar taka, Baba?"

Na ce a raina ai babu gidan da ba shi da Binta. Na ce, "Binta."

Ta rufe fayil ɗinta a hankali, ta juya ta dubi Nasiru. "Kai kuma yau ba ka iya gaisuwa ba ne?"

Nasiru ya durƙusa har ƙasa. "Yaya, ina kwana."

Ni dai na ji kalmar, amma kaina ya ƙi karɓarta.

Ta ce, "Baba, wannan ƙanina ne, nono ɗaya muka sha, ni na goya shi. Sunan Innarmu ba Binta ba ne, amma ba komai. Bari in kira ta, ta daɗe tana kukan ba ta da ɗan'uwa namiji."

Kafin in ce uffan ta danna waya ta sa a sifika. Muka ji sallamar tsohuwa, da kukan awaki a bayanta.

"Inna, ga ni a gidan da Nasiru yake zaune. Ashe mai gidan yayanki ne. Ya ce shi ya sayi ragon sunan Nasiru."

Sai tsohuwar nan ta ce, "Ikon Allah! Ba shi wayar. Yaya, ina kwana? Ina ka shige shekara da shekaru, na rasa wanda zan kai wa ƙarar yaran nan? Ragon kuwa an gode, Allah ya ƙara buɗi. Mu dai akuya muka gani."

Mai unguwa ya cusa bakin rawaninsa a baki, kafaɗunsa suna rawa. Mai igiyar awo ya juya yana kallon bango. Masu adaidaita, 'ya'yan ƙanin mahaifina na jiya, su suka fara fashewa da dariya. Na waiga neman Lauya, ko ƙurarsa babu. Ni kuwa ga waya a hannuna, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Lafiya lau, ya gida?"

Malama Hauwa ba ta yi dariya ba. Ta karɓi wayarta ta ce, "Baba, mu je zaure." Wannan sakayawar da ta yi mini ta fi dariyar ciwo.

A zaure ta ce, "Tun watan da Nasiru ya tare na san gidan nan. Ya ƙi zama a wurina ne don ba ya son zaman gidan suruki. Kullum yana faɗin yadda kake riƙe su da mutunci, shi ya sa na roƙa a ba ni gidanka, in nuna maka gyaran cikin sauƙi. Da ka buɗe littafin da aka ce, ai da sunana ka rubuta a gaban nasa, don ni ce mai tsaya masa."

Na ce, "'Yar nan, sharrin shaiɗan ne."

Ta ce, "Na sani, Baba. Amma ka faɗi magana a gaban mai unguwa da abokin aikina. In na rubuta cewa mai gida ya ɓoye gaskiya, yau za a rufe gidan nan, mutum tara su kwashe kayansu, har da ƙanina. In kuma ka ce gidan haya ne kana neman lasisi, sai in auna in ba ka lokacin gyara. Wanne zan rubuta?"

Na ce da sauri, "Na biyun, na biyun!"

"To ba a zaure za ka faɗa ba. Inda aka yi maganar, can za a janye ta."

Jama'a, na yi tafiya a rayuwata, amma ban taɓa yin mai nisan wadda na yi daga zauren nan zuwa tsakar gida ba. Zuwa lokacin mutane sun ƙaru, har da matan maƙwabta suna leƙe ta katanga. Na tsaya, na gyara hula, na yi gyaran murya.

Na ce, "Mai unguwa, ka shaida. Ƙarya na yi. Babu ɗan'uwana ko ɗaya a cikinsu. 'Yan haya ne, kuma ina neman lasisi."

Mai unguwa ya share hawayen dariya ya ce, "Mun shaida, Kawu."

Daga nan aka shiga aiki kamar ba abin da ya faru. Aka auna tsakanin masai da rijiya aka ce ya yi kusa. Aka leƙa ɗakin ƙurya da fitilar waya. Ta rubuta mini komai dalla-dalla, ta ba ni sati uku. Abin haushin, babu maganar rushe gida ko kaɗan. Na cike tsohon masai na haƙa biyu a can ƙarshen gida, na fasa taga, na kafa rumfar girki, na rataye jar tukunyar kashe gobara a zaure. Na sayi littafi mai bango mai kauri na zaunar da kowa na tambaye shi garinsu da mai tsaya masa. A nan na gano mai sayen gyaɗa surukin limaminmu ne, ɗaya daga masu adaidaita kuma ɗan abokin aikina ne na da. Wato ko ba a kama ni ta wurin Nasiru ba, akwai ramuka biyu a gaba suna jirana.

Da wa'adi ya cika ta dawo ta duba, aka buga hatimi, aka ba ni lasisi. Gidan bai rufu ba ko na yini ɗaya, ba wanda ya kwashe kayansa. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba, har sadakar ƙosai na yi.

Sai dai lasisin shekara-shekara ake sabunta shi, sunan da mai unguwa ya raɗa mini kuwa ba ya bukatar sabuntawa. Yau in ka sauka a tasha ka ce a kai ka gidan Kawu, ba mai tambayar ka wane Kawun. Yara a hanya, da mai nama, har da liman, kowa Kawu.

Abin da na koya shi ne, a tsakanin Gaya da Ajingi, kafin ka ƙirƙiri ɗan'uwa ka fara tambaya ko yana da masu shi. Haƙa masai biyu sati uku ya ɗauke ni. Ƙaryar minti biyar kuwa, ina jin ko ranar da na cika, sanarwar da za a yi a masallaci ita ce Kawun duba-gari ya riga mu gidan gaskiya.