Gardamar Jirgin Ruwa a Garejin Mista Gil

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakina ya raba ni da mutumin da ya fi kowa yi mini kirki a Greensboro ta Amurka.

Lokacin ina wankin motoci a wani gareji a High Point Road. Babban makanikenmu, Mista Gil, dattijon Bature ne mara yawan magana. Kullum da safe shi ke biyowa ta unguwarmu Glenwood ya ɗauke ni, har ya yi alkawarin koya mini gyaran inji, in huta da soso da bokiti. A kan alkawarin nan na rataya duk burina.

Ni kuwa ɗan fada ne. A fadarmu ta shayi a Maraɗi, in wani ya ce fari, dole a samu mai cewa baƙi, in ba haka ba hira ta mutu. (Ni ne mai baƙin. Har Lauya ake ce mini, kuma ina amsawa.)

Ran nan muna cin abincin rana, sai aka taɓo a rediyo zancen wani jirgin ruwan sojan Amurka da jiragen wata ƙasa ƙawarsu suka kai wa hari a tsakiyar yaƙi, shekaru da yawa baya. Gwamnatoci sun ce kuskure ne. Mista Gil ya ajiye cokali ya ce, "Sarai sun san jirgin wa suke harbi."

Wata takwas ban taɓa jin ra'ayinsa kan komai ba. Daɗi ya kama ni, na ce yau tsoho hira yake so. Ko sunan tekun ban sani ba, amma na gyara zama. Na kawo hayaƙi, na kawo ruɗanin yaƙi, na ce matuƙin da ke can sama ina zai ga tuta? Alhaji Mamman, direbanmu ɗan Damagaram, ya taka mini ƙafa ya ce, "Kai Lauya, atansiyon, bar zancen nan." Na zaci tausayin tsoho yake ji kada in kayar da shi. Na ƙara wuta, har da dariya, na ce waɗanda suka tsira ma firgici ne ya juya musu tunani.

Mista Gil ya dube ni ya ce, "A ƙarƙashin tutar nake tsaye. Ni na ɗauko gawar abokina."

Kunya ta rufe ni, sai na yi abin da aka koya mini a gida. Na sunkuyar da kai na ce, "Sai haƙuri, ƙaddara ce, kwanansu ne ya ƙare."

Ya ce, "Kusan shekara arba'in ke nan ana ce mini in yi haƙuri." Ya ɗauki kwanonsa ya fita.

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Washegari na tsaya bakin titi ina duban hanya har bas ta zo. Shekara biyu na ƙara a garejin muna gaisawa sama-sama, ban taɓa riƙe sifana ba. Abin har yau yana ci mini rai, kuma gaskiyar abin da ya sami jirgin nan ban san ta ba, ba ni kuma da bakin tambaya.

Tun daga ranar dai, in mutum ya faɗi magana ya ajiye cokali, nakan fara tambayarsa inda ya san zancen kafin in nuna masa nawa sanin.