Yadda Za Ka Ɓoye Wa Surukanka Cewa Ba Ka Iya Ruwa Ba

Ni ba na goyon bayan ƙarya. Amma tunda ka riga ka yi ta, zauna in koya maka riƙe ta. Hanyar nan tabbatacciya ce, domin a kan idona Kabute, ɗan ƙanwata mai gyaran waya a Akara ta ƙasar Gana, ya bi ta.

Wata yarinya Maku yake nema da aure, 'yar Baba Okanse masunci, wanda ya rantse ba zai ba matsoracin ruwa 'yarsa ba. Kabute ya ce shi a ruwa aka yaye shi. Baba ya ce madalla, ran Asabar sai a zaga tsibiran Ada, a yi maganar aure a can.

Mataki na ɗaya: Raina rigar kariya

A babban jirgi mai inji za a miƙo maka ita, rigar nan mai hana nutsewa. Ture ta. Kabute ya ture, ya ce, "Ku ba baƙi." Daga nan ya ƙanƙame katakon jirgin har farcensa ya yi fari. In aka tanka, ka ce ingancin itacen kake dubawa.

Mataki na biyu: Kada ka ci komai

Mama Adiki, uwar yarinyar, shekara talatin tana nutso tana ciro ƙumba daga ƙasan kogi, kuma ba a mayar mata da abinci. Ta ɗora masa curi biyu na dokunu, tuwon masararsu, da gasasshiyar karfasa.

"Ci, ɗan Akara. Ko cikin ne bai saba da rawa ba?"

Ya ci. A nan ya saɓa mini, kuma kifayen wurin sun amfana.

Mataki na uku: Yaba tsibirai da ƙarfi

Nuna bishiyoyin kwakwa, nuna farin yashi, nuna tsuntsaye. Duk wanda ke kallon tsuntsu ba ya kallon yadda ka ƙanƙame katako.

Mataki na huɗu: Zauna a baya

A tsibiri na biyu za a sauke ƙananan kwalekwalen roba masu cin mutum biyu. Kabute ya yi wuf ya kama kujerar baya, don kada Maku ta ga yadda yake riƙe filafili kamar muciya. Dabara ce mai kyau. Aibinta ɗaya: na baya shi ke juya akalar kwalekwale. Sau huɗu suka kewaya gungumen kwakwa guda.

"Kabute, ina za mu?"

"Ina nazarin igiyar ruwa ne."

"To, ta gaishe ka, ta ce mun wuce nan ɗazu."

Mataki na biyar: In kun kife, yi shiru

Ya miƙe tsaye zai nuna hanya, sai ga su a ruwa. Ya runtse ido yana dukan ruwa da hannu bibbiyu, yana kururuwa: "Ku bar ni! Maku! Ku fara ciro Maku!"

Ba wanda ya motsa. Teku ta janye tun hantsi, ruwan bakin kogin ya ragu, kowa a nan ya san haka. Maku na tsaye, ta harɗe hannu, ruwan iyakarsa gwiwarta.

Mama Adiki ta tako, ta ɗago shi ta wuyan riga.

Baba Okanse ya ce, "Maƙaryaci."

"Ƙwarai," in ji Mama. "Amma kana ji. Yana ganin mutuwa yake yi, kuma sunan 'yarka ya kira. Kai kuwa ran da jirginmu ya kife, komarka ka fara tambaya."

Baba ya duƙa yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

An ba shi Maku, bisa sharaɗi: duk Asabar surukarsa na koya masa iyo, a gaban jama'a, da rigar kariya.

Sanarwa

In ka bi matakan nan ka kife lokacin da teku ta cika, kada danginka su zo ƙofata. Tun layin farko na ce ba na goyon bayan ƙarya.