Wai Reshen Mutum Inda Aka Binne Cibiyarsa

Shekaranjiya na raka maƙwabciyata Inna Balaraba ungozoma daga Kiyako zuwa Birnin Kudu, mu karɓo katinta na ƙungiyar sa-kai mai kai masu naƙuda asibiti. Katin ba ado ba ne: in ba na reshen garinku ba, direban keken ƙungiya ba zai ɗauke ki rakiya ba. Ga Zubaida ta bayan gidanmu wata ya kama, cikin fari, ba uwa, ta ce hannun Balaraba kawai ta yarda da shi.

Muka iske akawun ƙungiyar, Mai Girma Sarkin Hatimi, Garkuwan Fom, yana shan fanka. Ya miƙo kati an rubuta: Reshen Fagam.

Balaraba ta ce, "Ɗan nan, Fagam ta Gwaram?"

"Ita fa, Inna. Can kika rubuta an haife ki."

"Ana yaye ni aka taho da ni. Rabona da Fagam tun ba a haifi ubanka ba."

Ya gyara hula. "Tsari ne daga sama. Mutum ya fi tausayin inda aka binne cibiyarsa."

"Cibiya? Rabin Kiyako ni na binne musu!"

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, ban ci karo da wannan ilimi a littafi ba, sai na tambaye shi wa ya gano shi. Ya ce kwana uku manya suka yi a otal suna bita. Madalla da manya! Mu da muke zaton mai ciki maƙwabci take kira, ashe duhun kai ne.

A bakin ƙofa muka haɗu da wani Malam Badaru, mazaunin Fagam, riƙe da katin Kiyako. A Kiyakon aka haife shi lokacin babansa na malamin gona. Na koma ciki na ce, "Ranka ya daɗe, a musanya musu mana." Ya ce sai an kafa kwamitin sauyi, shi kuwa sai bayan ƙaddamar da kalanda. Ita naƙuda ba a gaya mata ba.

Jiya da hantsi ta taso wa Zubaida. Munzali direba ya zo da keke, ya juya kati, ya sosa ƙeya.

"Inna, na Fagam ne. Za a yi min faɗa."

Balaraba ta riga ta zauna, kan Zubaida a cinyarta. Ta ce, "Munzali, cibiyarka tana gindin rumbun gidanku, ni na sa ta. Ka ja, ko in tono ta in kai Fagam mu zama 'yan reshe ɗaya."

Ya ja. Ba su kai gari ba, aka tare keke da zannuwa a gefen hanya, Balaraba ta karɓi namiji. Da aka isa asibiti aka ce uwa da ɗa lafiya lau.

Ni yanzu yaron nake ji wa. An haife shi tsakanin rassa biyu, a kan kwalta. Ran da ya girma ya ce zai yi aikin lada, Allah kaɗai ya san kwana nawa manya za su yi a otal. Malam Badaru kuwa, an aika masa cewa reshensa ya yi haihuwa. Ya ce a yi masa barka, yana neman mota.