Rasuwar Guntuwa, Motar Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da bai gama bushewa ba, ni da maigidana da 'ya'yanmu muke sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da masu shagunan da muke kai wa ƙwai, rasuwar motarmu wadda kowa ya sani da suna Guntuwa. Ta cika ranar Talata da tsakar rana a kan hawan gada, bayan doguwar jinya.

Ba mu san shekarunta na gaskiya ba. Dillalin da ya sayar mana da ita ya rantse cewa wata tsohuwar malamar asibiti ce kaɗai ta taɓa hawanta. Makanikenmu da ya leƙa ƙarƙashinta ya ce in haka ne, to malamar tana dakon siminti bayan ta tashi daga aiki.

Marigayiyar ta shigo gidanmu ne a lokacin da babu mai dariya a cikinsa. Maigidana kafinta ne mai rufin gidaje. Ya faɗo daga saman bene, kuma tun daga ranar ƙafafunsa ba su sake jin maganarsa ba. Ni ce na ci gaba da riƙe gida da kiwon kaji. Duk ranar asibiti sai na tsaya bakin titi ina tsayar da motar haya, direba ya dubi keken guragu, ya dubi maigida, ya ƙara gaba. Ranar da wani ya ce sai dai a ɗaure keken a saman mota kamar akuya, na dawo gida na cire 'yan kunnena, na haɗa da keken ɗinkina, na sayar.

Abin da suka kawo bai isa mota mai mutunci ba, ya isa Guntuwa. Ƙarama ce, ba ta da gindi irin na sauran motoci, bayanta a yanke yake, ƙofar but, wurin sa kaya, tana ɗagawa sama har da gilashinta. Abin da ya sa na zaɓe ta ke nan: in ka kwantar da kujerun baya, keken guragu yana shiga ba sai an naɗe shi ba. Fentinta shuɗi ne, ban da ƙofar direba da ta zo ja daga wata motar. Giyarta mai sauya kanta ce. Da safe ba ta tashi sai ta yi tari, ƙyaƙ-ƙyaƙ-ƙyaƙ, sannan ta ja dogon numfashi ta kama. A cikinta na koyi tuƙi da furfura a kaina, kuma ba ta taɓa tona min asiri ba, ko ranar da na goga ta a jikin katangar makaranta.

Da farko maigida bai ko dube ta ba. Ya ce na sayar da keken ɗinki na sayo gwangwani. Amma wata rana ƙofar but ta faɗo min a ka ina ɗora kiret ɗin ƙwai, sai na ji muryarsa daga ƙofar ɗaki yana cewa in kawo masa guntun katako da tef ɗin awo. Rabona da jin ya nemi tef tun kafin faɗuwarsa. Ya yi wa ƙofar matokari. Kashegari ya yi wa motar kantar katako mai hawa uku, yadda kiret ɗin ƙwai zai zauna ba ya motsi. Ya sa mai walda ya kafa masa ƙarfen riƙewa a saman ƙofa. Mun sa mata tayoyin gwanjo, kowacce da ƙasar da ta fito, da fitilar da ta fi 'yar uwarta haske, da fanka irin ta kan tebur tunda na'urar sanyinta ta mutu tun kafin mu san ta.

Babban aikin shi ne sandar tuƙi da hannu. Maigida ya zana ta a bayan kwali, shi da mai walda suka yi ta gardama a kanta har ruwan shayinsu ya huce. Sandar ƙarfe ce a gefen sitiyari: in ka ja, totur, in ka tura, birki. Ranar da aka gwada ta a filin ƙwallo, ya ɗaga kansa da hannu ya shiga kujerar direba, bai yarda kowa ya taɓa shi ba. Ya zagaya filin, ya sake zagayawa, ni ina tsaye rungume da keken da babu kowa a kai. Da ya tsaya, ya kifa goshinsa a sitiyari. Guntuwa ta yi ham, siririn ham ɗinta mai kama da kukan ɗan akuya, duk muka yi dariya muna share ido.

Daga nan shi ya karɓi rabon ƙwai. Masu shaguna suka san ƙararta, su fito su ɗauki nasu da kansu. Ya koma zuwa aski, ya koma faɗa a kan an taɓa masa madubi. Wanda a da ake ce wa sannu, aka koma ce masa ya makara. Wannan yana cikin alheran marigayiyar da ba za mu iya biya ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne da hayaƙi. Ta riƙa shan baƙin mai kamar ruwa, tana zafi ko a gajeriyar tafiya. Aka wanke lagireto, aka sauya gaskit, ta ɗan farfaɗo. Makanike ya ce tana buƙatar hutu da babban aiki. Mu kuwa kaji ba sa hutun ƙwai, abincinsu kuma ya yi tsada, sai muka riƙa lallaɓa ta da jarkar ruwa a ƙarƙashin kujera.

Ranar Talata maigida yana shi kaɗai a ciki, but cike da kaya. A tsakiyar hawan ta yi ƙwas-ƙwas-ƙwas, ta yi gum sau ɗaya, ta yi shiru. Kekensa yana can baya, bayan kantar ƙwai, inda hannunsa ba ya kaiwa. Ya zauna riƙe da birki, rana tana dukan rufin, motoci a bayansa suna ham, wasu suna zaginsa ya fito ya tura abarsa. Bai gaya wa kowa dalili ba. Sai da wani mai facin taya ya leƙo ya gani, ya kira mutane aka tura ta gefe. Makanike ya buɗe ta da yamma, ya ce injin ya buga, tukunyar injin ta tsage, kuma tsatsa ta cinye ƙasan har inda aka ɗaure kujerar direba. Ya ce ko an samu wani injin, ba zai sa shi a kan wannan gawar ba.

Marigayiyar ta bar safaya guda da ba ta riƙe iska, da jak, da rediyo mai kama tasha ɗaya, da tabon mai a ƙofar gida. Ta bar 'yarmu babba, wadda aka yi wa alkawarin koyon tuƙi. Ta bar ni, da kiret a ka, ina bin shaguna a ƙasa. Ta kuma bar maigida, wanda tun ranar ya koma ɗaki ya juya fuska ga bango, abinci sai an roƙe shi.

Za a kai ta makwancinta, wurin 'yan gwangwan da ke bayan kasuwar katako, ranar Asabar da hantsi. Sun ce za su turo janwe ya ɗaga ta. Ina gaya wa 'yarmu haka a tsakar gida, sai maigida ya yi magana daga ɗaki, karo na farko da ya fara magana ba a tambaye shi ba.

"Ba za a rataye ta kamar nama ba. A sa mata iska a taya, a ja ta da igiya. Motar da ake ja tana son mai riƙe sitiyari. Ni zan riƙe."

Haka za a yi. Maƙwabcinmu mai sayar da katako ya ba da motarsa da igiya. Masu son rakiya su hallara a ƙofar gida. Za a karɓi gaisuwa bayan an dawo, amma muna roƙo kada kowa ya ce mana ai ƙarfe ce kawai. Wanda kuma ya tarar da mu a hanya, ya yi haƙuri ya bi ta gefe, kada ya yi ham. A hankali za mu tafi, kuma direbanta, maigida, ya ce ba ta gajeriyar hanya za a bi ba.